Ƙaramar Baofeng ko babbar rediyon HF (ta gajeren zango): wacce sabon shiga harkar rediyon sha'awa, inda mutane ke hira da juna ta rediyo, zai fara da ita a Legas?

Baofeng UV-5R rediyon oba-oba ce ta hannu, tana shiga aljihu, ƙarfinta kusan wat 5, tana aiki a zangon mita 2, wato megahaz 144 zuwa 146. Amma siginarta ba ta son shinge. A lungunan Agege, benaye kan tare ta kafin ta yi nisa. Ka hau rufin bene, ko ka canza guntuwar eriyarta da doguwa, nan take za ka ji bambanci.

Ita kuwa HF mai wat 100, a megahaz 14 muryarka na iya kaiwa Turai, don sigina na dunguro sararin sama ta dawo ƙasa. Sai dai akwai ɗawainiya: wayar eriya mai tsawon kusan mita 10 (ina filin shimfiɗa ta a gidan haya na Idi-Araba?), da wutar bolt 13.8 mai jan amfiya 20. Ga hayaniyar da inbata da cajar sola ke sakawa a rediyon. In shuuu ta cika kunnenka, kashe kayan wutar gida ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifin.

Ni dai Baofeng zan ce ka fara da ita, kana sauraro kawai, har ka samu lasisin yin magana da lambar kira, wato lambar da za a san ka da ita a rediyo, mai farawa da 5N.