Hattara da mai tallan cikon harsashi a Facebook da WhatsApp

Assalamu alaikum jama'ar Kano, musamman mafarauta da 'yan sintiri da masu gonaki a bayan gari. Akwai wani mutum da yake yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp yana cewa shi tsohon soja ne, wai a rumbun makamai ya yi aiki har ya yi ritaya. Tallansa shi ne zai koya maka yadda ake sake cika kwanson harsashin tsofaffin bindigogin soja, ya sayar maka da injin aikin, in kuma ba ka son wahala ya sayar maka da cikakke. Ɗan damfara ne. Ya ci kuɗin ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya, kayansa kuma sun raba wani maharbi da yatsu biyu. Ba zan kama suna ba, domin sunan da yake amfani da shi ma na aro ne, sau uku yana canzawa tun da na fara bin sawunsa. Salonsa ne bai taɓa canzawa ba, shi zan faɗa muku.

Da bidiyo yake fara jan mutum. Tebur tsaf, inji a ɗaure a gefensa, ɗan sikeli, kwansuna jere suna sheƙi. Hannu kawai ake gani cikin safa, an cire muryar asali an ɗora kiɗan tauri. A ƙasa ya rubuta cewa harsashi ya yi tsada, mafarauta na nemansa ruwa a jallo, duk wanda ya koyi wannan sana'a ya rabu da talauci. Bidiyon ba nasa ba ne, na Amurkawa ne ya sato. Wanda ya lura zai ga ko soket ɗin da ke jikin bango ba irin namu ba ne. A can doka ta yarda mutum ya cika harsashinsa a gida, kuma masu yi suna da littattafan awo da kamfanoni suka buga bayan gwaji, suna auna albarushi da ma'aunin da sai an tara guda 15 da ɗoriya kafin a sami giram ɗaya. Nasu ke nan, a ƙasarsu, da dokarsu. Shi wannan kuwa da aka tambaye shi batun awo a zaure, cewa ya yi ido ma ya isa in hannu ya saba.

Ƙanina yaron shago ne a Kantin Kwari. In rani ya yi yakan bi abokansa farauta, da kare da gora, bai taɓa mallakar bindiga ba. Kuɗin aure yake tarawa, kwaɗayin ya ninka su ne ya kai shi. Da farko naira 15,000 aka karɓa, wai kuɗin fom. Sai 120,000 kafin alƙalami na inji, da alƙawarin za a sako shi a mota daga Kaduna ya karɓa a tashar Unguwa Uku. Ranar da aka ce kaya za su iso ya bar shago tun azahar ya je ya zauna a tasha. Da la'asar wani ya kira shi ya ce shi ne direba, an tare su a shingen bincike, in ba a tura 40,000 yanzu ba za a buɗe kwalin, kuma sunansa da lambarsa suna rubuce a jiki. Ya tura. Har aka yi isha babu mota babu dalilinta. Kowane kuɗi asusu daban aka ba shi, da suna daban, ɗaya ma sunan mace ne, amma a lokacin idonsa ya rufe.

Da a nan abin ya tsaya da sai mu ce cinikin biri a sama ya yi, Allah ya mayar da alheri. Bayan kwana huɗu sai ga wani kiran. Murya mai kauri, ana jin ƙarar oba-oba a bayansa, ya ce shi jami'in tsaro ne, sun kama dillalin makamai, sun ga hirarsu a wayarsa. Ya karanto masa saƙonnin da ya tura kalma bayan kalma, ya faɗi unguwarmu, ya faɗi layin da shagon maigidansa yake. Ya ce ko ya kawo 60,000 a kashe magana, ko su zo su ɗauke shi a gaban mahaifiyarsa. Yaron nan ya je ya karɓi zubin adashin da ba kwasarsa ba ce ya tura. Da aka sake kira ana neman wani, sannan ya ƙwanƙwasa mini ƙofa wajen ƙarfe ɗayan dare, jikinsa na rawa, ya ce, "Yaya, na shiga uku."

A nan na gane inda ƙarfin mutumin nan yake. Wanda aka damfara a cinikin waya ko fili yakan tafi caji ofis da ƙafarsa, ya yi ihu unguwa ta ji. Wannan kuwa ya zaɓi hajar da mai saye ba zai iya buɗe baki ya ce an cuce shi a kanta ba. Ka je ka ce me? Na biya kuɗin injin haɗa harsashi ba a kawo mini ba? Shi ya sa tun kafin ya karɓi ko kwabo yake sa mutum ya yi magana da yawa. Yakan tambaya a zaure, wa yake da tsohuwar bindiga ta gado a gida, a turo hotonta ya faɗi irin harsashin da za ta ci. Masu turawa suna ganin taimako ne, alhali igiya suke miƙa masa. Shi ne mai injin, shi ne direban, shi ne jami'in, ko dai su biyu ne ko uku suna karɓa-karɓa.

Da safe na kai shi wajen Baffanmu, tsohon ɗan sanda ne, ya riƙe bindigar da suke kira Mak 4 a farkon aikinsa. Bayan ya gama yi masa faɗan da ya dace, sai ya ce a nuna masa hotunan harsasan da mutumin yake cewa sababbi ne fil daga kamfani. Ya sa tabarau, ya ce a buɗa masa hoton gindin kwanson. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai yaro, karanta mini lambar nan." Ƙanina ya karanta: 1943. Baffa ya ce, "To wannan sabon naka ya girme ni. Man goge tagulla aka shafa masa."

Ya yi mana bayanin da ban taɓa ji ba. Bindigar nan Lee-Enfield ce ta Ingila, mai cin harsashi goma, wadda aka yi yaƙin duniya na biyu da ita, sojojinmu da 'yan sandanmu suka gada daga Turawa. Harsashinta shi ake kira .303, kuma a gindin kowane kwanso ana buga alamar masana'anta da shekarar da aka yi shi. Yawancin na zamanin yaƙi ba gari ne a cikinsu ba, wasu siraran tsinkaye ne kamar taliya. Abin nan yana lalacewa da tsufa, zafi kuma yana gaggauta lalacewarsa, to a yi tunanin shekara 80 har da zafin Kano na watan Afrilu a ɗaki mai rufin kwano. Ɗan maɓallin da ke gindi, wanda allurar bindiga take duka wuta ta tashi, shi ma yana mutuwa ko ya yi nauyin tashi. Ka ja kunama ka ji shiru, ka sauke bindiga ka leƙa ko ka buɗe ta, sai a lokacin ya tashi. Na da ɗin kuma suna barin wani gishiri a cikin bututu mai jan laima, shi ya sa, in ji Baffa, ake tilasta musu wanke bututu da ruwan zafi bayan harbi. Bindigar da ta shekara 40 a ƙarƙashin gado babu mai yi mata wannan, tsatsa ta gama cin cikinta ko da wajenta yana kyau.

Wannan na harsashin da masana'anta ta yi ke nan, tsufa kawai ya taɓa shi. Wanda wani ya cika a ɗaki da ido fa? Albarushi ba iri ɗaya ba ne. Na bindigar toka daban, na bindigar farauta daban, na bindigar soja daban, kowanne da saurin cinsa, kowace bindiga kuma da iyakar ƙarfin da aka ƙera ta ta ɗauka. In aka saka wanda ba nata ba, ko aka zarce, ƙarfen ne yake tsagewa, a daidai inda hannunka na hagu da fuskarka suke. In aka gaza kuma, dalmar ba ta fita, sai ta maƙale a tsakiyar bututu, ka ɗora na biyu a kanta. Kwanson da ya tsufa ko aka sha cikawa yana iya darewa, wuta ta dawo baya ta sami ido.

Abin da ya sami maharbin da na ambata ke nan. Ba kowa mutumin nan yake hana kaya ba. Yakan zaɓi mutum ɗaya ko biyu masu faɗa a ji a cikin mafarauta ya aika musu, don su zama shaidarsa a zaure. Wannan bawan Allah bindigar farauta ce da shi mai baki ɗaya, ta mahaifinsa. Aka kawo masa jajayen harsasai a cikin buhun gawayi, ɗan adaidaita sahu ya miƙa masa a bakin titi ya wuce, a kan rabin kuɗin da ya saba saye. Na farko da na biyu suka tashi lafiya, har ya yi murya a zaure yana yabon kaya, kuma muryar nan tasa ce ta ja ƙanina da wasu. Na huɗu ko na biyar ne ya yi wata 'yar ƙara kamar an fasa leda. Bai kawo komai ba ya sake ɗurawa. Da na je duba shi hannun yana naɗe, babu manuniya babu ta tsakiya, kuma kunnensa na dama har yanzu bai dawo daidai ba. Manomi ne, da hannun yake riƙe fartanya.

Wani abin takaicin, kwana biyu ya yi a gida ana yi masa na gargajiya don tsoron a tambaye shi takardar 'yan sanda, har ciwon ya fara ruwa. Jama'a a sani, tun 2017 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda ya sami raunin bindiga ya fara yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Asibitin zai sanar da su daga baya, wannan gaskiya ne, amma amsa tambaya ya fi yanke hannu sauƙi.

Batun doka kuwa, mutumin nan ƙarya yake shararawa in ya ce yana da hanya a sama, zai haɗa maka da lasisi. Dokar Makamai ta 1959 ta raba abin gida uku. Bindigar toka tana ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Bindigar farauta sai da lasisin Sufeto Janar. Bindigogin soja kuwa, kuma dokar ta ambaci masu cin harsashin .303 da 7.62 ƙarara, haramtattu ne ga kowa sai da izinin Shugaban Ƙasa. Tsufanta ko kasancewarta gadon kaka bai fitar da ita daga wannan layi ba. Riƙe harsashi ma sai mai lasisin bindigar da ke cinsa. Ƙerawa ko haɗa harsashi a gida babban laifi ne mai kai mutum gidan yari aƙalla shekara goma. Ya kuma riƙa jingina kansa da DICON, masana'antar makamai ta gwamnati da aka kafa a Kaduna a 1964, wai rarar kayansu yake samu. Harsashin soja da ake yi a can na hukumomin tsaro ne, ba a kasa shi a WhatsApp kamar tumatir a 'Yankaba.

Mu dai abin da muka yi, Baffa ya sa muka nemi lauya, muka tattara hotunan hirar da rasiɗan tura kuɗi da lambobin asusun, muka kai rahoto da kanmu, muka kuma sanar da banki. An yi wa ƙanina tambayoyi masu zafi, ya rubuta bayani, ya dawo gida ya kwana. Tun ranar da ya gaya wa mai murya mai kaurin nan cewa magana tana hannun hukuma, ba a sake kiransa ba. Kuɗin dai ba su dawo ba, kuma ban sa rai ba. Ban ce kowa lamarinsa zai zo da sauƙi irin haka ba, shi an ci sa'a babu komai a hannunsa, shi ya sa nake cewa a fara da lauya.

Wanda kuma kayan mutumin nan suka riga suka shigo hannunsa, don Allah kada ya ce bari ya gwada ɗaya ya gani. Na maharbin nan ma biyun farko lafiya suka tashi. Kada a ce za a buɗe a ga abin da ke ciki, kada a jefa a wuta, kada kuma a zubar a bola ko kwata, yaran nan 'yan jari-bola tagulla suke nema, za su tsinta su kai inda ake bugawa da guduma. A sami mai unguwa ko shugaban mafarautan yanki, a bi ta hannunsu a miƙa wa 'yan sanda. Shugabannin zaurukan mafarauta da na sintiri kuma ku duba waɗanda kuke sakawa, domin ta hannun wani da ya ce abokin yayansa ne aka shigar da shi wancan zauren, kuma da aka tsananta tambaya ashe shi ma a Facebook ya san shi.

Makon jiya wani abokina ya turo mini sabon shafi. Suna daban, hoton wani mai kakin soja an rufe fuskar, lambar waya sabuwa. Bidiyon dai shi ne, har soket ɗin bangon. Ya ƙara da cewa akwai rangwame ga mutum goma na farko saboda rani ya kusa, kuɗin fom kuma ya koma 20,000. Da na duba ƙasan tallan, mutum bakwai sun riga sun ajiye lambobinsu.