Mastodon: dandalin da sai ka gyara shi da hannunka yake daɗi

Abin da ya fara ja na zuwa dandalin sada zumunta na Mastodon shi ne yadda saƙonni ke zuwa bi da bi, na baya-bayan nan a sama, ba tare da wata na'ura ta zaɓar mini abin da zan gani ba. Talla ma babu ko ɗaya. Eugen Rochko ne ya ƙirƙiro manhajar a Jamus a 2016, amma ba ta yi tashe ba sai a ƙarshen 2022, lokacin da Elon Musk ya sayi Twitter kan dala biliyan 44, jama'a suka yi ta tururuwa neman wurin komawa. Ni ma da wannan ayarin na shiga, kuma har yau ina nan.

Farkon shiga yana da ɗan rikitarwa, gaskiya ce. Mastodon ba shafi ɗaya ba ne, sabobi ne masu yawa, wato kwamfutocin da ke ɗauke da asusun masu amfani, kowace da mai kula da ita da dokokinta, suna magana da juna ta wani tsari mai suna ActivityPub. Kamar imel yake: wanda ke kamfani kaza yana iya aika wa na wani kamfanin wasiƙa. Shi ya sa sunanka ke da kashi biyu, naka da na sabar da ka yi rajista. Shawarata, ka karanta dokokin saba kafin ka shiga, domin idan ka tashi ƙaura mabiyanka za su bi ka, amma tsofaffin rubuce-rubucenka a can za su zauna.

Da ka buɗe, shafinka fayau yake. Nan ne mutane da yawa ke karaya su ce ai babu kowa. Akwai mutane, nemo su ne aikinka, kuma hanyar da ta fi mini amfani ita ce bin maudu'i. Tun Nuwambar 2022 ana iya bin kalmar da ke da alamar # kamar yadda ake bin mutum. Na bi na ɗaukar hoto da na binciken sararin samaniya, washegari na tarar da hoton zoben duniyar Saturn da wani ya ɗauka da madubin hangen nesansa, ya rubuta irin kyamarar da tsawon daƙiƙun da ya bar ta a buɗe, a ƙasa kuma wasu suna tambayarsa yana amsawa ɗaya bayan ɗaya. Daga irin wannan hirar nake tsinto waɗanda suka cancanci a bi su. Haka kai ma idan za ka wallafa, sa maudu'i biyu ko uku a ƙarshe, don ta nan baƙo zai gan ka.

Wani abin da ya kamata sabon shiga ya sani: danna tauraro godiya ce kawai ga mai rubutu, ba ya kai saƙon gaban mabiyanka. Maɓallin sake yaɗawa ne ke wannan aikin. Tunda babu na'urar da za ta ɗaga kowa, rubutu mai kyau yana tafiya ne iya inda mutane suka kai shi, don haka na daina rowar yaɗa abin da ya amfane ni.

Haruffa 500 ake ba ka a yawancin sabobi, kusan ninki biyu na 280 ɗin da Twitter ya koma a 2017, sun isa mutum ya faɗi magana ya kawo dalilinsa. Gyara rubutu bayan an wallafa kyauta ne. Matatar kalmomi ma tana aiki sosai, kana iya rufe wata kalma na mako guda idan hayaniya ta yi yawa, wa'adi na cika ta dawo da kanta. Abin da ya fi burge ni, ko da yake ba manhaja ce ta tilasta ba, shi ne yadda mutanen wurin suka ɗauki rubuta bayanin hoto domin makafi da muhimmanci. Wasu ma ba sa yaɗa hoton da ba shi da bayani, kuma ina ganin sun yi daidai.

Sai dai a kula, saƙon sirri a nan ba a kulle yake daga waya zuwa waya ba, mai kula da saba yana da ikon ganinsa, don haka asiri ba wurinsa ba ne. Sannan mai neman dubban mabiya cikin wata guda, ko ɗan kasuwar da ke son biyan kuɗi a tallata hajarsa, zai sha wahala, jama'ar ba ta kai ta manyan dandali ba ko kusa. Malami, mai bincike, ko mai sana'ar da ke son tattaunawa da waɗanda suka san abin da yake yi, shi nake ba shawarar ya buɗe, ya cika bayanin kansa, ya rubuta gabatarwa ya maƙala ta a saman shafinsa, sannan ya bi maudu'i biyar tun ranar farko.