Sai da na zo bangon duniya aka tambaye ni sunan dutsenmu

Jama'a salamu alaikum. Masu ta turo min saƙo wai tunda na tafi Niyu Zilan na yi shiru, ku yi haƙuri, karatu ne ya sha min kai, ga shi lokacinmu ba ɗaya ba, ku kuna sallar isha'i mu nan gari ya waye. Kwas ɗin koyarwa nake yi a wata jami'a a Okland, kuma abin da ya same ni a satin farko har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Tun kafin a yi mana lacca ko ɗaya aka kwashe mu sababbin ɗalibai zuwa marae, wato filin taron Maori 'yan asalin ƙasar, da ƙaton zaurensa mai sassaƙa. Tarbar baƙi suke yi, sunanta powhiri. Wata dattijuwa ta rangaɗa kira kamar mai guɗa, maza suka yi jawabi da yarensu, aka yi waƙa, sannan aka ja layi ana gaisawa hanci da hanci. Nan zufa ta karyo min don layin har da mata. Da na iso kan ta farko sai na dafe ƙirji na ɗan rusuna, ita ma ta dafe nata tana murmushi, shikenan ba wanda ya ko kalle ni. Cire takalmi a ƙofar zaure kuwa na riga kowa.

A cikin zauren aka kama ni. Malamin, wani dattijo, ya ce kowa ya tashi ya faɗi pepeha ɗinsa. Ita pepeha sunanka ne ƙarshen abin da za ka faɗa, dutsenku za ka fara kira, sai koginku, sai jirgin ruwan da ya kawo kakanninku, sai ƙabila da dangi. Wata yarinya da a haife na haife ta ta miƙe ta zubo kakanninta kamar mai tilawa. Da aka zo kaina na ce ni daga Najeriya nake. Dattijon ya yi dariya ya ce ɗana, Najeriya ai ba dutse ba ce, wane dutse ne in ka hango shi ka san ka iso gida? Wallahi kaina ya ɗaure. Ni da aka haifa a cikin ganuwa, kullum ina wuce Dala a adaidaita, amma sai da na yi ta inda-inda kafin ta faɗo min. Kogi kuma Jakara ce ta fara zuwa bakina, na tuna yadda muka mayar da ita kwata, na haɗiye na ce Challawa. Kakanni kuwa daga mahaifin babana na tsaya cak.

Daren nan na kira Gwaggo. Ta ce au, sai da ka je bangon duniya ka san kana da asali? Ta turo min saƙon murya na minti 14 ta jero min har kaka na biyar, ashe marina ne a Ƙofar Mata. Shekarata 36 ban taɓa tambaya ba.

Kuma fa abin nasu ba kwalliya ba ne, a cikin kwas ɗin yake, ana ba da maki a kai. Ba ka zama malami a nan sai ka san yarjejeniyar Waitangi ta 1840 tsakanin sarakunan Maori da masarautar Ingila, ka kuma iya wani abu na yaren. An koya mana yadda dokar makarantu ta 1867 ta ɗora Turanci a kan 'ya'yansu, har aka zo ana zane yaro in ya yi yaren uwarsa a makaranta, yaren ya kusa mutuwa. A 1972 suka kai koke majalisa da sa hannun mutum sama da 30,000, a 1982 tsofaffi suka fara tara ƙananan yara suna yi musu yaren zalla a wuraren reno da ake kira kohanga reo, a 1987 ya zama harshen hukuma. Yanzu har manyan makarantu nasu na kansu gare su guda uku. Mutanen da ba su kai miliyan ɗaya ba fa, a ƙasar da duka-duka ba ta kai jihar Kano yawan jama'a ba. Ana wannan laccar ni ina ta sunkuyar da kai, don ni da hannuna na sha karɓar tarar naira ashirin a wajen yaro wai ya yi banakula a aji. Mu ne kuma in ɗalibi ya ce Hausa yake karanta a jami'a sai mu ce to kai da ba ka iya ba ne?

Kar ku ɗauka aljanna ce. Kuɗin makarantarmu mu baƙi ya ninka na ɗan ƙasa, haya duk sati ake biya, ɗakin sanyi kamar randa. Ɗaliban Maori da na tsibirai irin su Samoa da Tonga suna da ɗakunan karatu nasu da masu bibiyarsu, mu 'yan Afirka kuwa kowa tasa ta fisshe shi. Taro ba ya farawa sai an yi karakia, addu'arsu, ni dai shiru nake yi in karanta tawa a zuci. Wasu Turawan ma karatun aku kawai suke yi don a cika ƙa'ida, kana ji ka san ba ta kai zuci ba, 'yan siyasarsu kuma kullum cikin jayayya suke a kan ko abin ya yi yawa.

Inda na rama shi ne wajen furuci. Wasulansu biyar ne irin namu, da dogo da gajere, ra ɗinsu a harshe take, wh kuma kusan fa ɗinmu ce. Turawa na ta karya harshe ni ina zubawa, har dattijon ya tambaye ni ko na taɓa koya.

Yanzu ina koyon aiki a wata firamare a Mangere, wata unguwa a nan Okland, ajin kusan duk 'yan tsibirai ne. Malamar da nake ƙarƙashinta ta ce kar in taɓa allo sai na iya kiran sunan kowane yaro daidai, kwana uku na yi ina bita. Jiya na faɗa musu pepeha ɗina cikakkiya, Dala, Challawa, marinan Ƙofar Mata. Wani ɗan Tonga ya ɗaga hannu ya ce malam to ina jirgin ruwanku? Na ce mu raƙumi gare mu, ajin ya ɓarke da dariya, yanzu sun sa ni alkawarin kawo musu hotonsa ranar Litinin.