Wace Canjoba Za Ka Saya Don Kada Janaretonka Ya Mayar Da Wuta Kan Layin NEPA?

Mutum zai kwashe sati yana zagaya kasuwa kafin ya sayi janareto. Zai tambayi ƙarfinsa, ya tambayi yawan man da yake sha, ya sa a buɗe masa ya ga kwayil ɗin tagulla ne ko alminiyam. Amma in aka zo kan canjoba, abin da zai raba wutar injin da ta NEPA, sai ya miƙa wa yaron mai wayarin 'yan canji ya ce ya sayo kowacce ma. Alhali in janareto ya zama maras kyau, aljihunka kaɗai zai ji a jikinsa. In canjoba ce ta zama maras kyau, ko babu ita ɗungurungum, wanda abin zai faɗa wa yana iya zama mutumin da ba ka taɓa gani ba, yana can saman falwaya yana gyara.

Ga yadda abin yake. Wayar da ta kawo wuta daga falwaya zuwa mitarka, ita ɗin ce za ta kwashi wutar injinka ta mayar waje muddin ba a yanke ta ba. Taransifomar unguwa ma haka take. Aikinta ta sauke bolt 11,000 zuwa 415 tsakanin layuka, inda gida mai fes ɗaya ke samun 230 zuwa 240. In aka ba ta wuta ta ƙasa, sai ta yi aikin a baibai, ta ɗaga 230 ɗinka zuwa dubbai a kan manyan wayoyi. Ma'aikacin KEDCO ko na Kaduna Electric, ko na NIGELEC a Maraɗi, ya riga ya kashe layi daga sama kafin ya jingina tsani. A saninsa waya a mace take.

Za ka ji ana cewa, "Ai ɗan ƙaramin inji ne, me zai yi?" Ƙaramin injin nan mai shan gaurayen fetur da baƙin mai, wanda bai wuce wat 650 ba, yana ba da kusan amfiya 3. Birekar da ake sawa don kare rai kuwa, a miliamfiya 30 take yanke wuta. Wato injin da ake rainawa yana fitar da ninki ɗari na abin da aka ɗauka haɗari ga jikin ɗan Adam. Wasu kuma su ce ai lodin unguwa zai danne injin ya mutu da kansa. Sau da yawa haka ne. Sai dai ranar da waya ta tsinke a guguwar farkon damina, ko aka zare fis ɗin layinku don a yi gyara, babu lodin da zai danne shi. Gidajen da ke maƙale da ku kaɗan ne, don haka wutar za ta zauna daram a kan wayar da ke kwance a lungu inda yara ke wucewa. Ranar da abin ya fi haɗari ke nan, kuma ranar ce kowa ke tayar da inji.

Akwai kuma hasarar da ta shafe ka kai tsaye. In aka kawo wuta injinka na haɗe da layi, wuta biyu ne za su yi karo ba tare da bugunsu ya daidaita ba. Ta NEPA ce za ta yi rinjaye, kwayil ko na'urar daidaita wutar injin ta ƙone, wani lokacin har da gobara.

Don haka tambaya ɗaya za ka riƙe a kasuwa: shin wannan abin, ko da yaro ne ko baƙo ya taɓa shi cikin duhu, zai yiwu wutar biyu su haɗu? In amsar ta dogara da "in dai an tuna an kashe kaza", ajiye shi.

Waya mai fulogi biyu da zare fis

Wannan ba ya cikin abubuwan da ake saye, amma shi ne abokin gasar duk sauran, saboda kusan kyauta ne. A ɗaura fulogi a kowane bakin waya, ɗaya a jikin inji, ɗaya a soket ɗin falo, sannan a kashe babban makunni ko a zare fis ɗin da ke gefen mita. Maigida zai rantse shi ba ya mantawa. To ranar da ba ya nan fa? Ga kuma haƙoran fulogin da ke hannu, waɗanda ke ɗauke da wuta tsirara da zarar an tayar da inji. Ga soket ɗin da aka yi don amfiya 13 yana ɗaukar lodin gida gaba ɗaya. Ba ni da wani abin kirki da zan faɗa a kansa.

Wanda bai da halin sayen komai, ko ɗan haya mai ɗaki ɗaya, gara ya ja doguwar waya mai kauri daga inji zuwa ɗaki, ya jona fanka da talabijin da caja a jikinta kai tsaye, kada ta taɓa wayarin ɗin gidan ko kaɗan. Ba ta da kyan gani, amma babu hanyar da wuta za ta bi ta fita waje.

Mai wuƙa

Ita ce canjobar da aka fi sani: gindin tangaran ko roba, da hannu mai ɗauke da wuƙaƙen ƙarfe da ake ɗagawa sama ko a sauke ƙasa. A kan tambayarmu ta baya ta ci jarrabawa, domin wuƙar ba za ta kasance sama da ƙasa a lokaci guda ba. Ita ce kuma mafi araha. Matsalarta a jikinta take. Ka duba wadda ta shekara biyu a bangon shago: murfin roba ya fashe ko ya ɓata, bakin da wuƙar ke shiga ya buɗe ya yi baƙi, ƙurar hunturu ta cika shi, in an sauya sai ka ga tartsatsi ka ji ƙaurin roba. Bakin da ya saki yana yin zafi, zafin kuma yana ƙara sakin sa. Yawancin na kasuwa an rubuta musu amfiya 60 ko 100, amma ƙarfen ciki siriri ne, wani ma ruwan tagulla kawai aka shafa masa. In dole ita za ka saya, don ɗan shago mai ƙwai uku da fanka, ka kankare gefen wuƙar da makulli ka ga launin ciki, ka sa ta cikin akwati mai murfi inda hannun yaro ba zai kai ba. Ga gida mai firji da famfon tura ruwa da na'urar sanyaya ɗaki, ban ba da shawararta ba.

Mai akwati, mai matsayi uku

Nan ne nake ganin kuɗin mafi yawan gidaje ya kamata ya tsaya. Iri biyu ce. Akwai ta akwatin ƙarfe mai dogon hannu a gefe, akwai kuma mai maɓallin murɗawa da aka rubuta wa 1, 0, 2. Duka biyun ƙarafansu a rufe suke, kuma ba za ka tashi daga NEPA zuwa inji ba sai ka ratsa ta sifili, inda komai ke kashe. Mai kyau tana da sifirin a ciki, in ka murɗa za ka ji ta faɗa wurinta da ƙarfi, ƙas, ko da hannunka a sanyaye yake. Wannan saurin ne ke rage tartsatsi. Wadda ka murɗa ka ji ta laɓa-laɓa, ko ta iya tsayawa a tsakanin lambobi, mayar wa mai shago kayansa.

Akwai ƙanwarta da ke shiga cikin allon birekoki na zamani: bireka biyu a jere da sandar da ke hana ɗaga ɗaya sai an sauke ɗaya. Tana da tsafta, ba ta cin wuri, kuma tana ƙara kariya in lodi ya yi yawa. Sharaɗin shi ne sandar ta zo daga masana'anta a matsayin abu guda. Bireka biyu zube, ɗaya an rubuta mata NEPA ɗaya an rubuta mata inji da alƙalami, wannan komawa ne ga dogaro da tunawa.

Mai sauya kanta

Ga asibiti, ɗakin sanyi, otal, ko gidan da dattawa ke zaune su kaɗai, wannan tana da amfani sosai: an ɗauke wuta, ta tayar da inji, ta jira ya daidaita, ta sauya, in an kawo ta mayar ta kashe shi. Amma kafin ka ɗauko kuɗi, duba injinka. In na jan igiya ne, ba za ta iya tayar da shi ba. Ko mai makulli ne, in sai an ja masa cok da hannu, aikin rabi za ta yi, sai dai ta riƙa mayar da kai kan NEPA in an kawo.

Iri biyu za ka tarar. Na farko wadda masu gyara ke haɗawa a gida da kwantakta biyu, wato makunnan da wuta ke rufewa da buɗewa da kanta, da rile da na'urar ƙidayar lokaci. Wasu gwanaye ne ƙwarai a wannan aiki, ba na raina su. Abin da za ka nema ka gani da idonka shi ne ɗan makullin ƙarfe ko roba da ke zaune tsakanin kwantaktocin biyu, wanda in ɗaya ta shiga yake tokare ɗayar. Da yawa suna tsallake shi, su dogara da dabarar waya kawai. Dabarar waya tana aiki har ranar da bakin kwantakta ya narke ya manne saboda tartsatsi, ko wani ya danna ta da sukundireba. A sa a cire wuta, ka danna kwantakta ɗaya da yatsa, ka gwada danna ɗayar. In duka biyun suka shige, babu ciniki. Wani abin kuma, kwantakta ba ta son wuta mai rauni, irin wadda ake kawo mana da ƙwai ja kamar garwashi. Za ta yi ta karkarwa tana ƙara har kwayil ɗinta ya ƙone, sai in an sa mata rile mai auna ƙarfin wuta wanda zai ƙi karɓar NEPA in ta yi ƙasa ko ta yi sama da ƙima.

Na biyu ita ce ta masana'anta mai ɗan mota a ciki, irin waɗanda kamfanoni kamar Socomec da ABB da Schneider ke yi, da kuma wasu masu sauƙin kuɗi daga Sin. Sanda ɗaya ce ke juya bangarorin biyu, don haka haɗuwarsu ba ta yiwuwa, kuma akasari tana da hannun da za ka juya da kanka in ɓangaren lantarkinta ya lalace. Ta fi tsada, jabunta kuma suna da yawa. Ka duba ko an buga IEC 60947-6-1 a jikinta, ƙa'idar na'urorin sauya layi ke nan. Ta hannu kuwa IEC 60947-3 za ka gani. Rubutu kaɗai ba hujja ba ne, mai jabu ma ya iya rubutu, amma rashinsa ya isa ka juya. Ka kuma tabbatar ana iya saita jinkiri, domin kwamfuresar firji da ta na'urar sanyaya ɗaki suna son hutun minti uku ko fiye kafin wuta ta dawo musu.

Girma da yawan wayoyin da take yankewa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a auna canjoba da girman inji. Injin kVA 5 bai wuce amfiya 22 ba, sai a ce ai ta amfiya 32 ta isa. An manta cewa in an kawo NEPA, duk lodin gida ta cikinta zai bi: dutsen guga, hita, famfo, komai a lokaci guda. Da lodin NEPA ake aunawa. Ga gida mai fes ɗaya, amfiya 63 ce ta saba dacewa, babban gida kuma 100. In akwai injina masu mota da yawa, kamar wurin niƙa ko gidan ƙanƙara, nemi mai alamar AC-23, wadda aka yi don irin wannan lodi.

Sannan ta yanke layif da nutural duka: mai ƙafa biyu ga fes ɗaya, mai ƙafa huɗu ga fes uku. A unguwanninmu ba abin mamaki ba ne a sake ɗaura waya a falwaya a juya ta, wadda ka sani nutural ta koma layif. Wayar ƙasa, wato ta kariya da ake haɗawa da ƙasa, ita kaɗai ce ba a yankewa. Kada kuma a ruɗe ka da makunnin zaɓen fes, wanda gidaje da yawa ke da shi don bin layin da ya fi ƙarfi. Shi aikinsa daban, canjoba tana zuwa ne a bayansa.

Masu shago da ke shan wutar maja su ma abin ya shafe su. Maja inji ce babba da ke raba wa shaguna wuta, in shago ɗaya ya haɗa ta da NEPA ba canjoba, ƙarfin injin gaba ɗaya ne zai fita kan layi. Haka mai sola: inbatar da aka yi don aiki tare da layin gwamnati dole ta kasance mai yanke kanta da zarar an ɗauke wuta, kuma kada a taɓa mayar da wayar fitarta kan allon da ke ba ta wuta.

Canjoba mai kyau ma ana iya ɗaura ta a banza. Wani soket ko famfon rijiya da aka ja wa waya tun kafin canjobar, ko ɗakin da layukan biyu suka haɗu a cikin silin, ya isa ya zagaye ta. Saboda haka ka nemi mai wayarin da ke da shaidar NEMSA, hukumar da dokar 2015 ta ɗora wa duba ayyukan lantarki a Najeriya, kuma kada ka cika masa kuɗinsa sai ya yi gwaji a gabanka. A lokacin da babu NEPA, ya zare fis ɗin gefen mita, a tayar da inji, a sauya zuwa gare shi, a kunna komai na gidan, sannan ya ɗora mitar awo a kan ƙafafun ɓangaren NEPA na canjobar, tsakanin layif da nutural, da kuma tsakanin kowannensu da ƙasa. Kada ka yarda da ɗan sukundireban nan mai ƙwai. Ƙwan da ke nuna an kawo wuta, ko jiniya, a ɓangaren NEPA ake jona shi da ɗan fis nasa, kuma in ka ga ya kama a lokacin wannan gwajin, akwai inda wutar injin ke zurarewa, sai an bi wayarin an gano wurin kafin a mayar da fis.