Wasiƙa daga Kalgari: kafin ka shafa wa sabuwar motar komai

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da Hajiya da iyali baki ɗaya. Na ga hoton motar, masha Allah. Allah ya sa a kashe lafiya, ya tsare hanya.

Ka ce in sayo maka maganin nan da ake shafa wa mota a ƙasar waje don kada fenti ya ƙarce. Ban saya ba tukuna, domin maganar ta fi ƙarfin kwalba ɗaya. Ni ma bara na fitar da sabuwa a nan Kanada, na yi ta yawon tambaya kafin in fahimci abin da ake sayarwa.

Ranar da na je ɗaukar tawa, bayan an gama ciniki sai aka shigar da ni wani ƙaramin ofis, aka ajiye mini takarda mai jerin kariya: ta fenti, ta kujeru, ta ƙasan mota. Za a haɗa kuɗin cikin bashin motar, in riƙa biya wata-wata. Na tambayi mutumin sunan abin da za a shafa da tsawon lokacin da aikin zai ɗauka, sai ya kama kame-kame, yana ta maimaita maganar garanti. Raina bai kwanta ba, na ce a bar shi. Washegari a wurin aiki wani dattijo da ya daɗe a garin ya ce mini, "Kai ta a sa mata 3M kafin sanyi ya shigo." A nan Kalgari haka ake kiran ledar kare fenti, ko wane kamfani ne ya yi ta, XPEL ne ko SunTek, duk 3M ake cewa. Kamfanin 3M ɗin ne ya fara yin irinta, don kare farfelar jirage masu saukar ungulu na sojan Amurka daga yashi da tsakuwa, daga baya ta sauko kan motoci.

Mai shagon da na kai wa motar ya fara da ɗora wata 'yar na'ura a jikin ƙofa. Ta nuna 120. Ya ce kaurin fentin ke nan gaba ɗaya a ma'aunin maikiron (kashi ɗaya cikin dubu na milimita), tun daga shafin farko mai hana tsatsa, da kalar, har zuwa shafin sama mai ƙyalli wanda ba shi da launi. Wannan na saman, wanda shi ne ke shan rana da ƙura da hannun mai wanki, yawanci tsakanin maikiron 35 ne zuwa 50, bai kai kaurin silin gashin kai ba. Duk lokacin da aka sa inji aka goge mota don ta yi sheƙi, daga cikinsa ake ɗiba, kuma ba ya tofowa. Tun daga ranar na daina yi wa fenti kallon abu mai ƙwari.

Dalilin da ledar ta samu kasuwa a nan shi ne lokacin sanyi. Idan dusar ƙanƙara ta zuba, hukumar gari na watsa ƙananan tsakuwoyi gauraye da gishiri a kan titi don kada taya ta zame. Motar da ke gabanka ita ke harbo maka su. Kafin sanyi ya fita za ka ga gaban wasu motocin kamar fuskar mai zanzana, gilashin gaba kuwa da wuya ka yi tafiyar minti 10 ba ka ga tsagagge ba.

Na tsaya na kalli aikin. Sai da suka wanke motar tas, suka bi jikinta da wani abu mai kama da yumɓu yana tsince dattin da ido ba ya gani. Kwamfuta ce ta yanka ledar daidai da bonet da bamba da madubin gefe na irin motata, don haka ba a kusanto fenti da reza ba. Suka fesa ruwa mai santsi, suka shimfiɗa ta, wani saurayi ya riƙa bin ta da faifan roba daga tsakiya zuwa gefe yana koro ruwan, a hankali kamar mai guga. Gefunan kuma ya naɗe su ta ciki, ya bi su da iska mai zafi. Kaurinta wajen maikiron 200 ne, ta fi fentin kansa kauri. Abin da ya fi ba ni mamaki, mai shagon ya ɗauko guntunta ya ƙarce da burushin waya, ya zuba ruwan zafi, ina kallo ƙarcewar ta shafe. Manyan kamfanonin na ba da garantin shekara 10. Gaba kawai na sa, domin kuɗin rufe mota gaba ɗaya ya kan ninka na gaban sau 3, wani lokacin fiye.

To, abin da kake nufi da magani, ina jin seramik ne. Ruwa ne a ƙaramar kwalba, sinadarinsa dangin na gilashi, ana shafawa ya bushe ya zama siririn shafi da bai wuce maikiron 1 ko 2 ba. Yana da amfani, ban raina shi ba: ruwa na dunƙulewa ya gangare, datti ba ya kamawa sosai, wanki na sauƙi, kuma yana yin shekaru, saɓanin kakin nan na carnauba da ake samu daga ganyen wata bishiya a Burazil, wanda bayan 'yan watanni sai an sake. Amma tsakuwa ba ta san da zamansa ba, mabuɗi ma zai ƙarce shi. Wannan 9H da suke bugawa a kwali, gwajin tauri ne kawai da ake yi ta hanyar ƙarce shafin da fensir. Kuma yawancin kuɗin da ƙwararru ke karɓa na gyaran fentin ne kafin shafawa, domin duk tabon da aka shafe a kansa ya zauna ke nan. In aka shafa ba daidai ba, ya kan bushe da dabbare-dabbare, sai an sa inji kafin ya fita. Shi ya sa nake jin tsoron aiko maka da kwalba, a miƙa ta ga wanda bai taɓa yi ba, a kan motar da ko wata ba ta yi ba.

Akwai abin da duk waɗannan ba sa tarewa. A watan Agustan 2024 ruwan ƙanƙara ya sauka a arewacin garin nan, ya lotsa dubban motoci, masu leda da marasa leda. Wanda ya tsira shi ne mai gareji. Akwai kuma feshin mai da ake yi wa ƙasan mota duk shekara saboda gishiri, an fi yin sa a gabashin ƙasar, irin su Ontariyo. Wannan bai shafe ka ba, kada wani ya sayar maka.

Cikin mota kuwa, abin da ya fi yi mini amfani shi ne shimfiɗar ƙasa ta roba mai ɗagaggen baki, wadda aka auna daidai da motar, irin ta WeatherTech ko TuxMat. Komai ya zube a ciki yake tsayawa, ka ciro ka wanke. Amma don Allah Yaya, cire ta asali kafin ka sa ta, kuma a maƙale ta a ƙugiyarta. Kada a ɗora wata kan wata. A 2009 Toyota ta janye miliyoyin motoci a Amurka saboda shimfiɗa na zamewa ta danne totur. Haka rigar kujera: motocin yanzu da yawa jakar iskar gefe a cikin kujerar take, rigar da ba a yi mata ɗinkin da zai fashe ba za ta iya tare ta ranar da ake bukatarta. Fatar kujerun ma an riga an rufe ta da wani shafi tun daga kamfani, man da ake lafta mata ba ya shiga, ƙura kawai yake kamawa. Tsumma mai laushi da ɗan danshi ya isa. Dashbod kuma a guji man da ke sa shi sheƙi, yana haska ido a gilashi.

Baƙin gilashi a nan lardin Albata an hana shi a tagogin gaba, na baya kaɗai aka yarda. Akwai mai haske wanda ke tare zafi da kusan dukan hasken da ke ƙona fata da kujeru ba tare da ya yi duhu ba, ashe duhu da tare zafi ba tare suke tafiya ba.

Yanzu maganar taka motar. Ni abokan gabata tsakuwa da gishiri ne, kai kuwa rana da ƙura. Ƙura yashi ce, kuma duk safiyar da aka bi jikin mota da busasshen tsumma, daidai yake da goga mata samfefa. Waɗannan zagayayyun layukan da kake gani a baƙar mota cikin rana daga nan suke, a nan ma injin wanki mai burushi haka yake yi, shi ya sa ban taɓa shigar da tawa ba. A fara kwara ruwa ƙurar ta sauka. Bokiti 2, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye soson, a fara daga sama, taya a ƙarshe da nata soson daban. Ban da garin sabulun wanki. Kashin tsuntsu a jiƙa shi a ɗauke a ranar, in ya kwana biyu a rana cin fenti yake. In za ka sa leda, ka tabbatar mai kyau ce, don mai arha rawaya take yi a rana ta tsattsage, cire ta kuma wahala ce. In da hali a kafa mata rumfa, ya fi mini kwalbar seramik.

Abin da na haɗa maka: tawul ɗin maikirofaiba 12 (mai laushin nan na goge mota), soson hannu 2, sabulun mota, wani feshi mai sauƙi da kowa zai iya shafawa bayan wanki, da marufin gilashin gaba na tare rana. Saura shimfiɗar ƙasa. Ka turo mini sunan motar da shekararta daidai yadda yake a takarda, da hoton wajen ƙafar direba in ga ƙugiyoyin, don kada in sayo wadda ba za ta zauna ba.

A gaishe mini da Hajiya, a ce mata ina nan tafe bayan sanyi in Allah ya yarda.

Ƙaninka.