GARGAƊI: mai tallar gangunan gilas a Facebook ya cinye mana naira miliyan 1 da dubu 895

Jama'a, duk mai harkar kiɗa, mai situdiyo ne, mai kula da kayan kiɗan coci ne, ko mai ba da hayar kaya a wuraren biki, ya tsaya ya karanta kafin ya tura wa wani ko sisi. Akwai wani mutum da ke tallar saitin gangunan Turawa na akrilik, wata roba mai tauri da ake ganin cikinta, waɗanda muke ce wa gangunan gilas, a Facebook da WhatsApp. Yana cewa sitonsa na Legas, kayan kuma 'yan Beljiyam ne, na hannu amma garau. Ya karɓi naira miliyan 1 da dubu 895 a hannunmu. Miliyan 1 da dubu 895. Abin da ya iso tasha kuwa, ko kyauta aka ba ka sai ka nemi inda za ka jibge shi.

Kafin wani ya shigo ya ce mana sakaci muka yi, a sani cewa gyaran ganga da saitinta shi ne sana'armu, ba jiya muka fara riƙe makullin ɗaure fata ba. Abin da ya tallata Ludwig Vistalite ce ruwan zuma, ta shekarun 1970, guda huɗu: babbar gangar ƙafa inci 22, tom, wato ƙananan gangunan sama, inci 12 da inci 13, sai ta ƙasa inci 16. Duk wanda ya san harkar ya san kamfanin ganguna na Ludwig ya fito da Vistalite, gangarsa ta akrilik, a 1972, ya daina yin ta a 1979 bayan tsadar man fetur ta ɗaga kuɗin akrilik, sai a 2001 aka dawo da ita. Ruwan zumar tana cikin launukan da aka fi nema saboda ita John Bonham, mai gangar ƙungiyar Led Zeppelin, ya riƙa bugawa tun daga 1973. Mun san duk wannan. Matsalar ita ce shi ma ya sani.

Mun ɗana masa tarko, wallahi mun ɗana. Muka tambaye shi: ƙwaryar gangar tana da haɗi ko sumul take? Ɗan damfaran da bai san kan abin ba cewa zai yi sumul take, don yana ganin abin da mai saye ke son ji ke nan. Wannan sai ya yi dariya a waya, ya amsa da Hausa tsantsa: "Haba Maigida, tsohuwar Vistalite ai dole da haɗi, fallen akrilik ake gasawa a lanƙwasa a haɗa bakinsa. Marasa haɗi su ne irin su Pearl Crystal Beat. Wanda ya ce maka tasa babu haɗi, ƙarya yake yi maka." Kuma gaskiyarsa ce, haka abin yake. A nan muka saki jiki. Da amsa ɗaya tak. "Wanda ya ce maka tasa babu haɗi, ƙarya yake yi maka." Har yanzu maganar nan tana yi mana yawo a kunne.

Kuɗin saitin naira miliyan 1 da dubu 850 ne. Kafin alƙalami miliyan 1 da dubu 300 muka tura ranar Talata. A'a, bidiyon sautin ne ya zo Talata, kuɗin Laraba da safe ya tafi, bayan ya ce wani mai situdiyo daga Jos zai zo da tsabar kuɗi da yamma. Sannan dubu 45 na webil, a wani asusu daban. Sunan da ke kan asusun farko bai zo ɗaya da sunan shafinsa ba, mun gani, mun yi magana, ya ce na yayansa ne mai sito. Cikon dubu 550 kuma a tasha muka tura, bayan magariba, direba na tsaye a kan kwalaye yana cewa an umarce shi kada a yanke ko salatif ɗaya sai an ga alat. Muka haska tocilar waya ta wata 'yar ɓula a jikin kwali, muka ga ruwan zuma yana sheƙi, muka tura. Miliyan 1 da dubu 300, da dubu 45, da dubu 550. Ku haɗa da kanku.

Yanzu ga abin da ke cikin kwalayen, don a gane irin aikinsa idan ya canza suna.

Launin ba a jikin akrilik yake ba. Vistalite ta gaske launinta a cikin fallen yake tun daga masana'anta, idan ka cire fata ka dubi leɓen ƙwaryar za ka ga ruwan zuma ya ratsa kaurin gaba ɗaya. Wannan farar roba ce garai-garai aka liƙa mata ledar tintin mota ta ciki. Da muka cire fatar tom inci 12, farce kawai muka sa a baki ledar ta taso. Leɓen fari fat.

Sai kauri. Tsohuwar Vistalite wajen kwatan inci ce, milimita 6 da ɗoriya, Crystal Beat ta yanzu milimita 7. Tasa milimita 3 muka auna a dukkan huɗun. Ko babu abin awo, nauyi zai tona asiri, domin akrilik ya fi katakon ganga nauyi nesa ba kusa ba, har a ruwa nitsewa yake yi. Ƙwaryar babbar ganga inci 22 faɗi, inci 14 zurfi, mai kaurin milimita 6, idan an cire mata duk ƙarafa, za ta yi kusan kilo 4 da rabi. Wannan kilo 2 da ɗan abin da ba a rasa ba. Da hannu biyu za ka matsa ta ta lotsa kamar bokitin wanka.

Haɗin da ya yi mana wa'azi a kansa, shi ne abin da ya fi ƙona mana rai. Haɗin akrilik na ƙwarai da wani ruwan gam ake yinsa wanda ke narkar da bakunan biyu su zama abu ɗaya, layin ya fito siriri, garau, babu kumfa. Nasa sufa gulu aka ɗura, ya bushe ya yi fari kamar alli, ga kumfar iska jere, ga tudu da yatsa ke ji. A gangar ƙasa inci 16 haɗin ya riga ya buɗe wajen inci 3 daga sama, an danne shi da farin salatif ta ciki. A bidiyo duk an juya haɗin ya kalli bango. Mun sake kallon bidiyon nan ya fi sau ashirin, ko sau ɗaya kyamara ba ta zagaya baya ba. Me ya hana mu lura tun farko? Ai mutumin da kansa ya ce akwai haɗi, to me za ka je nema?

Tambarin ma na bogi ne. Na Ludwig na wancan zamani ƙarfe ne mai shuɗi da kore, zoben ramin iska ne ke riƙe da shi, kuma kowace ganga da lambarta. Nasa sitika ce aka buga aka manna, lamba ɗaya ce a kan dukkan huɗun. Ɗaya. A hoton da ya turo tambarin gaske ne, na ƙarfe, wato hoton gangar wani ne can daban ya ɗauko.

Ga maganar da'ira. Ƙwaryar ganga dole ta ɗan gaza girman fatarta, ta inci 12 za ta auna wajen inci 11 da bakwai bisa takwas ta kowace kusurwa, yadda idan ka ɗora fata ba zobe za ta riƙa juyawa sakayau. Bambancin awo tsakanin kusurwa da kusurwa idan ya wuce milimita 3, an shiga matsala. Tom ɗinsa inci 12 ta ba da bambancin milimita 7, ƙwai ce ba da'ira ba, sai ka danna fata da ƙarfi take shiga. Leɓen da fata ke zama a kai kuwa, wanda ake yanka shi da inji a kan kusurwa guda, yawanci digiri 45, a goge shi ya yi santsi, nan da zarto aka yanka aka bi da magagari. Mun kife ta a kan gilashin tebur, muka sa tocila a ciki muka kashe fitila: haske ya fito ta wuri biyar. Duk inda haske ya fita, a nan fata ba ta zauna ba, kuma ganga irin wannan ba ta ɗauruwa har abada. Ka ɗaure gefe ɗaya ya yi kyau, ɗaya gefen ya yi tamoji.

Kowane ramin noti yana da tsagu sun fita kamar ƙafar gizo-gizo. Dalili biyu ne. An huda ramukan da bakin injin huda ƙarfe, cikin gaggawa, aka ɗaure noti tamau ba washar roba a tsakani, alhali akrilik ba ya ba da kai kamar katako, fashewa yake yi. Na biyu, an goge jikin da sifirit ko tina don ya yi ƙyalli a ido. Akrilik ba ya shiri da sifirit, da tina, da asiton, da ruwan goge taga mai amoniya. Suna shiga inda robar ke a takure su haifar da ƙananan tsagu da ba su gyaruwa. Ruwan sabulu mai laushi da tattausan ƙyalle kawai ake sa masa, a nan Arewa ma sai an fara hure ƙurar hunturu tukuna, don akrilik yana jan ƙura, idan ka goge a bushe ka yi masa zane. Tsaga ɗaya ana iya tsayar da ita, a huda ɗan ƙaramin rami a ƙarshenta a ɗura gam na akrilik. Amma a babbar gangar kaɗai mun ƙirga ramuka goma sha huɗu masu tsaga. Wane gyara?

To sautin fa, wanda shi ne ya sa ake sayen gangar gilas tun asali? Akrilik mai kauri yana da tauri da santsi, ba shi da ƙofofin da katako ke da su, don haka ba ya shan sauti, mayar da shi yake yi. Bugu yana fitowa da kaifi da ƙarfi, yana huda jita da fiyano a fili, babbar gangar tana dukan ƙirji, amma ba ta da taushin muryar katako irin mafil ko mahogani. Wasu ba sa son ta a ƙaramin ɗaki saboda ƙara, magana ce ta ra'ayi. Kuma rabin abin da kunne ke ji daga fata da leɓe yake zuwa, shi ya sa Vistalite da fatar kamfanin Remo mai baƙin ɗigo a tsakiya suke da muryar da aka san su da ita. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ka cire fatu da ƙarafa, ka rataya ƙwaryar a yatsa, ka ƙwanƙwasa da gaɓar hannu. Lafiyayya za ta ba ka murya ɗaya mai ɗan ja. Tasa "kwas" take yi, da ɗan zirr daga wajen haɗin. Da muka sa mata sababbin fatu, don kada a ce ba mu yi mata adalci ba, tom ɗin ta yi kukan jarkar ruwa, babbar kuma kamar ana dukan kwali.

Bidiyon da ya turo kuwa sauti ne kamar a faifai. Nan ne muka fi jin kunya, domin mu ne ya kamata mu fara ganewa. Waya ba ta iya ɗaukar ganga haka, idan ka buga babbar ganga kusa da waya sautin fashewa yake yi, ɗaki ya yi amsa-kuwwa. Nasa tsaf yake, an matse shi an gyara, kowane bugu daidai da ɗan'uwansa, alamar an ɗora sautin kwamfuta a kai. Akwai ma inda aka ji farantin ƙarfe na saitin ya yi ƙara alhali sandar mai bugun tana kan tom. A daƙiƙa ta 18 ne, za mu saka ku gani. Mun ji, mun ce wa juna kai, mutumin nan ya iya rikodin. Miliyan 1 da dubu 895.

Da muka kira shi a daren, ya ɗauka. Wai zafin bayan mota ne ya lanƙwasa ƙwaryar. Akrilik sai zafi ya doshi digiri 100 yake fara laushi, kuma ko rana ta faɗo ƙasa ba ta manna ledar tinti ko ta buga lamba ɗaya a sitika huɗu. Ya ce mu yi haƙuri, amana ce tsakaninmu, zai yi magana da yayansa. Wannan "amana" ma ya faɗe ta tun ranar farko, kafin maganar haɗin, ko bayanta. Washegari ya toshe mu. Jiya shafin ya sake ɗora hotunan nan dai, ruwan zuma, inci 22, 12, 13, 16, an ƙara dubu 100 a kan kuɗin.

Kada ku biya sai an buɗe kwali da rana an cire fata ɗaya. Ku dubi leɓe, ku auna kauri da faɗi ta kusurwa huɗu, ku duba haɗi da ramukan noti da lambar kowane tambari. Idan daga nesa ne, kiran bidiyo kai tsaye, ya rubuta sunanku a takarda ya sa a cikin gangar, tunda ta gilas ce ai za a gani. Sunan asusu ya saɓa da na mai kaya, ku tsaya. Sanin ganga a baki ba shaida ba ce.

Mun kai rahoto banki da wajen 'yan sanda. Hotunan hirarmu, da alat guda uku, da awon milimita 3, da sitika huɗu masu lamba ɗaya, da bidiyon daƙiƙa ta 18, duk za su hau nan da daddare idan mun gama rufe lambobin asusu kamar yadda aka ce mu yi. Duk wanda mutumin nan ya taɓa yi wa maganar haɗi a waya, ya yi mana magana ta akwatin saƙo, muna tattara sunaye.