Zanen Malam Aminu Kano da na sa aka yi wa Baba

Mahaifinmu ɗan NEPU ne, jam'iyyar Malam Aminu Kano ta farko, tun yana saurayi, kuma da aka kafa jam'iyyar PRP a 1978 bai yi wata-wata ba ya bi Malam. Hoton Malam Aminu ɗaya yake da shi, na tsohuwar kalanda, duk ya koɗe, ruwan damina ya ci gefensa. Shi ya sa na yanke shawarar in sa a zana masa sabo da fenti, mai firam, ya rataya a falonsa.

Wani abokina ya haɗa ni da wani mai zane a wajen Zoo Road. Shagon ɗan ƙarami ne, warin fenti da kananzir, bango cike da fuskokin 'yan takara da na amare. Muka yi ciniki, na ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, ya ce in dawo bayan mako biyu. Sai da aka yi mako biyar. Uzurinsa wai hunturu ne, ƙura tana manne wa fentin mai kafin ya bushe. Na ga alamar gaskiya a ciki, domin ya nuna mini wani aiki da ƙurar ta ɓata, amma ai da ya ɗauki wayata ya faɗa mini tun farko, da ban yi ta sintiri ba.

Fuskar kam, sai dai a ce masha Allah. Ya kama idanun, ya kama wannan ɗan murmushin na mai shirin ba da amsa. Matsalar daga wuya zuwa ƙasa take. Ya ɗora wa Malam babbar riga ta shadda mai aska takwas tana sheƙi, ga agogon gwal a hannu, ga kujera irin ta sarauta a baya. Na kai Baba shagon ya gani, ya daɗe yana kallo, sannan ya juya ga mai zanen ya ce: “Yaro, wannan wane attajiri ne ya ari fuskar Malam?”

Yaron ya ce shi gani ya yi girmamawa ce. “Baba, manya haka suke so a fito da su.” Nan Baba ya ja benci ya zauna ya ba shi karatu. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana faɗa a kan haraji da jangali da zaluncin da ake yi wa talaka, har gwamnatin Abubakar Rimi ta PRP a Jihar Kano ta soke harajin da jangalin bayan zaɓen 1979, shi za a naɗe da shadda? Ya ce masa ya je Gwammaja ya shiga gidan Mambayya, inda Malam ya zauna kuma aka binne shi a watan Afrilun 1983, ya ga irin ɗakin da yake kwana. Shigar Malam farar riga ce da jar hula, shi ke nan.

Abin da ya burge ni, yaron ya je ɗin. Gidan yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, kuma ya dawo da hotuna a wayarsa. Ya shafe rigar da kujerar, ya sake aikin, bai ƙara mini ko sisi ba. Farar rigar da ya yi ta biyu har ƙananan lanƙwasar yadin ana gani a kafaɗa, kamar an wanke ta an sha sawa. Jan hular ya ɗan yi haske fiye da yadda nake so, firam ɗin kuma katakon ba shi da nauyi, dole na sa kafinta ya ƙara masa ƙusa.

Zan sake ba shi aiki, amma wanda zai je ya tafi da hoto mai kyau, ya faɗi kayan da yake so a jiki dalla-dalla, ya kuma nemi ganin zanen fensir kafin a taɓa fenti. Hannunsa ya saba da fastar kamfe, in ka ƙyale shi kowa sai ya mayar da shi Alhaji.

Baba ya ƙi yarda a rataya shi ta gabas saboda salla, yana bangon kudu, saitin inda yake zama ya ji rediyo. Tsohuwar kalandar kuwa ya hana a jefar, ya naɗe ta ya sa a ƙarƙashin katifa.